Ƙafafun Motar Lukmanu a Layi na Bakwai

Ranar Litinin, 3 ga Fabrairu, 2003, da hantsi, Gidaɗo ya fara ganin Lukmanu, kuma ba a tsaye ya gan shi ba. Yana kwance ne a ƙarƙashin wata tsohuwar Fijo a-kori-kura, ƙafafunsa kaɗai ke waje, yana ta zagin hanya. Motar ta hau kwalbatin da ke bakin Layi na Bakwai, cikinta ya dafe a kan tudun siminti, tayoyin baya suna juyawa a banza. Gidaɗo ya taho da bijimansa biyu zai kai su cin ciyawa a bakin gonarsa. Bai san mutumin ba, amma motar ta tare masa hanya. Sai ya ɗaura igiya a bayanta, bijiman suka yi ja ɗaya suka sauko da ita.

Lukmanu ya fito yana karkaɗe riga. Maimakon godiya, sai ya durƙusa ya auna tudun da hannunsa, ya ce wannan ɗan abin ne kawai ya shiga tsakaninsa da gonakin ciki. Gidaɗo ya gaya masa tun da aka haƙa layin nan mota ba ta taɓa shiga ba, kaya sai a jaki ko a ka.

"Na sani, Baffa," in ji Lukmanu. "Jakan ubana ne."

Ya shiga motarsa ya tafi. Gidaɗo ya naɗe igiyarsa yana bin motar da harara, kuma daga baya ya sha faɗa wa matarsa Kubra cewa da ya san abin da zai biyo baya, da ya bar ta a kan tudun nan har ta yi tsatsa.

An haifi Lukmanu a Garun Mallam a shekarar 1972. Ubansa, Abdulrauf, jakai huɗu gare shi, kuma duk rani yana fito da kwandunan tumatir daga cikin gonakin Bunkure zuwa bakin titi. Tun Lukmanu yana ɗan shekara tara yake bin jakan nan, wani lokaci kwando biyu a kan jaki, ɗaya a kansa. Yana da shekara goma sha shida ya gudu ya zama kwandasta a motocin Kano zuwa Zariya. A nan ya koyi tuƙi, ya yi shekara tara yana jan motocin mutane, sannan a 2002 ya sayi tasa. Gajere ne mai faɗin ƙirji, muryarsa ta fi jikinsa. Ko maƙiyansa sun yarda ya iya tuƙi. Abin da ba ya iyawa shi ne jin magana. Duk wannan Gidaɗo ya ji shi ne daga baya a bakin mutane, kuma babu abin da ya rage masa na haushin mutumin.

Layi na Bakwai tsawonsa mita ɗari takwas da arba'in ne daga kwalbati zuwa ƙarshe, gonaki goma sha huɗu. Hanyar shiga siririya ce. A hagu akwai magudanar ƙasa da ke kawo ruwan ban ruwa daga babban kanal, a dama kuma lambatu mai zurfi da ke kwashe ragowar ruwa. Ranar Laraba ce ranar ruwansu. Ana buɗe ƙofar kanal da ƙarfe bakwai na safe, a rufe da ƙarfe biyar na yamma, sai kuma wata Larabar. Na gaba su fara sha, na baya su jira.

Gonar Gidaɗo ita ce ta goma sha huɗu. Bafulatani ne da ya bar yawon kiwo ya zauna. Inda gonakin nan suke, can da makiyayar ubansa ce, kuma da aka yanka filin aka raba, ƙarshen layi ne ya faɗo musu. Masu layin suna da doka ɗaya da ba su wasa da ita: duk abin da ya taka shuka, mutum ne ko dabba, an hana shi shiga layin har ƙarshen rani. Wannan doka ce ta ci garken gidansu a hankali, yau a kori saniya, gobe a sayar da ita, har ya rage daga shi sai bijimai biyu da eka ɗaya ta albasa da aka yanka fangali-fangali, kwami tamanin. A shekarar da komai ya tafi daidai, ruwa yana iso masa da ƙarfe sha ɗaya, kuma awa huɗu yake bukata ya shayar da kwamin nan duka.

Ranar Alhamis, 9 ga Disamba, 2004, Gidaɗo ya kai kekensa faci Kura, wurin Hananiya, wani mutumin Jos da ya shekara ashirin yana faci a bakin titi. A nan ya tarar da Fijon a kan jak, babu ƙafa ko ɗaya, ga wasu manyan tayoyi huɗu na Landiroba jingine da bango, masu haƙora kamar na tarakta. Ramukan notin ba su zo daidai ba, don haka mai walda ya yanke tsakiyar tsofaffin wili ya liƙa a cikin sababbin. An yanke ƙarfen da ke saman kowace taya, an ƙara ganyen sifirin biyu a baya. Daga inci goma sha huɗu an koma goma sha shida.

Hananiya yana ɗaure noti yana mita. Ya ce shi dai aiki aka ba shi, amma a shaida ya faɗa: motar za ta tashi sama, gaskiya ne, sai dai kowace ƙafa ta fito waje da faɗin tafin hannu, birki zai yi sanyi, kuma sitiyari ba zai ƙara kaiwa ƙarshe ba, domin taya za ta riƙa dukan jikin mota tun kafin ta gama juyawa.

"Direba, wannan motar in ta shiga lungu, sai ka nemo mata filin ƙwallo kafin ta juyo."

Lukmanu ya yi dariya ya ce shi mai faci ya nema, ba mai wa'azi ba. Da ya waiga ya ga Gidaɗo zaune a benci, ya gane shi nan take. Ya buga tayar da ƙafa ya ce, "Baffa, ka gaya wa tudun nan naku ina zuwa." Gidaɗo ya karɓi kekensa ya tafi, amma maganar sitiyarin ta zauna masa a kai.

Ranar Asabar, 8 ga Janairu, 2005, motar ta haye kwalbatin ba tare da cikinta ya taɓa komai ba. Mutanen layin suka bar aiki suna kallo. Ta yi tsawo, ta yi muni, kamar an ɗora akwati a kan turame. Ta bi hanyar a hankali har ƙarshe, ta juya a ɗan filin da ke kusurwar gonar Gidaɗo, inda yake ɗaure bijimansa. Ya ƙirga: sau bakwai Lukmanu ya yi gaba ya yi baya kafin hancin motar ya kalli titi. Daga nan ya riƙa tsayawa gona gona yana lodin tumatir.

Masu tumatir sun ji daɗi ƙwarai. Kwandon da a da sai azahar yake isa titi a kan jaki, rabinsa ya matse, yanzu kafin hantsi yana kasuwar Kwanar Gafan, jawur, babu tabo. Suka fara kiran Lukmanu da Injiniya. Masu jakai suka koma wasu layukan.

Gidaɗo shi ba tumatir yake yi ba, kuma abin da yake kallo daban ne. Ƙafafun hagu na motar ba su samun wuri a kan hanya, sai a leɓen magudana. Duk wucewa sai haƙoran tayar sun gutsuro ƙasa sun zuba a ciki. Magudanar ta fara cikewa, gefenta ya fara tsagewa. Ranar Laraba, 12 ga wata, ruwa ya iso masa da ƙarfe sha biyu da rabi. Ranar 19, ƙarfe ɗaya da rabi. Ranar 26, sai da aka kusa kiran la'asar. Yana yashe magudanar da shebur ranar Talata, motar ta zo da safiyar Laraba ta mayar masa da aiki baya. A lokacin nan albasarsa ta fara ɗaura kai, lokacin da ba ta yafe ƙishirwa.

Ya tare Lukmanu sau biyu. Na farko da lalama, ya nuna masa tsagar, ya ce ko ya rage shiga, ko ya bar ranar Laraba. Lukmanu bai ko kashe mota ba. Ya ce hanya ta kowa ce, kuma in ƙasa tana zubewa, masu ƙasar su gyara. Na biyu babu lalama. Gidaɗo ya kira shi ɗan mai jakai da ya samu ƙarfe ya manta asalinsa. Lukmanu ya ce gara shi ya san inda jakan ubansa suka tafi, shi Baffa ina shanun nasa? Sai da aka shiga tsakaninsu.

Gidaɗo ya kai ƙara wurin Malam Ibrahimu, shugaban layin, wanda gonarsa ce ta biyu daga kwalbati. Aka zauna a gindin mangwaro ranar Juma'a, 28 ga Janairu. Malam Ibrahimu ya saurare shi da kyau, sannan ya ce dokar layi ba ta ambaci mota ba, tunda lokacin da aka yi ta babu wanda ya zaci mota za ta shigo. Doka ta ce kada a taka shuka, kuma Lukmanu bai taka shukar kowa ba. Mutum goma daga cikin goma sha huɗu suka gyaɗa kai. Wani ma ya ce ruwan ƙarshen layi dama can sai haƙuri.

Ranar Laraba, 2 ga Fabrairu, ruwa ya iso wa Gidaɗo da ƙarfe huɗu saura kwata. Kwami ashirin da shida ya shayar aka rufe ƙofa. Ya zauna a kan kunya yana kallon sauran hamsin da huɗu, ganyensu ya fara yin shuɗi-shuɗi. Yana zaune yana kallon sawun tayoyin da suka cika kusurwar gonarsa, sai maganar Hananiya da ta Malam Ibrahimu suka haɗu a kansa. Filin nan nasa ne, yana cikin takardarsa. A duk layin babu wani wurin da motar za ta iya juyawa. Kuma dokar da ta cinye masa shanu tana nan ba ta mutu ba.

Yana da ragowar irin albasa da bai dasa ba, ya tsufa, amma kore ne. Kubra ta ce masa irin nan ba zai yi kai ba. Ya ce ba kai yake nema ba. Matsala ɗaya ce: dashe ba ya kwana babu ruwa, in aka dasa ranar da ba ta ruwa ba, kafin yamma ya kwanta, kuma babu wanda zai kira busasshen haki shuka. Dole sai ranar Laraba.

Ranar Laraba, 9 ga Fabrairu, yana idar da sallar asuba ya nufi gona. Ya sassare kusurwar, ya ja kwami shida, ya ɗebo ruwa a bokiti ya jiƙa, ya dasa irin layi-layi har bakin hanya. Ya mayar da bijimansa can gefe. Sannan ya tsuguna yana jira.

Ƙarfe takwas da minti ashirin motar ta iso, babu kaya. Lukmanu ya taka birki, ya leƙo, ya daɗe yana kallon dashen. Ya sauko.

"Baffa, mene ne wannan?"

"Albasa ce. Ba ka san ta ba?"

"Jiya nan fili ne."

"Jiya ban dasa ba."

Lukmanu ya ce ya tuge layi biyu kawai ya samu ya juya, in ya so ya mayar. Gidaɗo ya ce bismilla, ga hanya nan, ya taka ya wuce, ga shaidu suna tahowa. Kafin a jima mutanen layin sun taru, har da Malam Ibrahimu. Ya duba dashen, ya duba motar, ya ce shuka dai shuka ce, ba shi da ta cewa. Ya roƙi Gidaɗo ya yi wa Allah ya ɗaga ƙafa na yau kaɗai. Gidaɗo ya tuna masa shekarar da aka kori saniyarsa mai ciki saboda ta taka tumatir tushe uku, ya tambaye shi ko ranar an ɗaga ƙafa.

Sai Malam Ibrahimu ya juya kan Lukmanu. Ya ce tunda sai dai ribas, ya fita da motar babu kaya, mutane su kai masa kwandunan kwalbati a ka. An riga an saki ruwa, gefen magudana ya jiƙe. Kowa ya ga hankali a maganar, ban da mai motar. Ya ce shi ya bar ɗaukar kwando a ka tun yana ɗan shekara goma sha shida, kuma ba don a kai masa kaya titi ya canza wa motarsa ƙafafu ba. Zai yi lodi yadda ya saba, ko da baya ne.

Haka ya fara ja da baya, ƙofa a buɗe, rabin jikinsa a waje. A faɗi gaskiya, tuƙin da ya yi a mita ɗari biyar na farko ba kowa zai iya ba. Yana tsayawa a kowace gona ana ɗora kwanduna. Kaya suka wuce kan motar, suka rufe masa baya. Sifirin ya kwanta, tayoyin baya suka fara gugar jikin mota suna kuka. A gaban gona ta biyar, inda hanya ta ɗan karkata, ya murza sitiyari, sitiyarin ya tsaya inda Hananiya ya ce zai tsaya. Ƙafar baya ta hagu ta hau leɓen magudana, leɓen ya ɓare, ta zurma ciki har wuya. Kwanduna goma sha ɗaya suka kife. Ƙarfe goma saura minti goma ne.

Gidaɗo yana daga ƙarshen layi ya ji ihu. Abin da ya fara ji a ransa daɗi ne, bai taɓa musun haka ba. Ya taho a hankali don ya gani da idonsa. Da ya iso sai ya ga tayar ta toshe magudanar kamar an auna, ruwa ya taru a bayanta, ya haye hanya, yana zuba a lambatu. Gona ta ɗaya zuwa ta biyar suna sha. Daga ta shida zuwa tasa, ko ɗigo.

Aka sauke kayan, aka tura, aka ɗaga, motar ba ta motsa ba. Tarakta mafi kusa tana Kadawa, kuma ko ta zo ba ta da hanyar shiga. Babu wanda ya roƙi Gidaɗo. Shi da kansa ya koma ya kwanto bijimansa, ya ɗaura igiyar nan dai ta shekara biyu da suka wuce. Lukmanu yana tsaye cikin laka har gwiwa, bai dube shi ba, shi ma bai dube shi ba. Bijiman suka ja har suka durƙusa. Da ƙananan ƙafafun da ne, da ja ɗaya ya isa. Wannan kuwa haƙoranta sun kama gefe da gefe, duk jan da aka yi sai ƙara rushe gaɓar yake.

Sai da aka ɗauko Hananiya daga Kura a kan babur. Ya zo ya tsaya ya kalli motar, ya kalli Lukmanu, ya ce, "Direba, ban ce komai ba." Ya tuɓe riga ya shiga ruwan, yana lalubar notocin da hannu. Laka ta ci masa awa biyu kafin ƙafar ta fita. Mutum goma sha biyu suka ɗaga bayan motar suka ɗora a kan hanya, bijiman suka fizge tayar. Ƙarfe huɗu da minti arba'in ke nan. Aka cika buhuna da ƙasa aka toshe ɓarakar. Ana ɗora buhu na ƙarshe, ruwan ya fara ja da baya. An rufe ƙofa.

Ruwan da ya ɓace duk ya bi lambatu, kuma lambatun ta gefen gonar Gidaɗo yake wucewa, ƙasa da ita da tsawon mutum. Ya tsaya yana kallon ruwansa yana wucewa. Ya nemi injin ban ruwa na haya, duk suna bakin aiki. Shi da Kubra suka ɗauki bokiti, ita tana ɗebowa tana miƙo masa, har magariba. Kwami tara suka jiƙa. Dashen kusurwa kuwa bai kai washegari ba.

Ranar Juma'a, 11 ga Fabrairu, aka sake zama a gindin mangwaro. Wannan karon gonaki tara ne suka rasa ruwa, don haka magana ba ta yi tsawo ba. Aka ƙara a doka cewa mota ba ta wuce kwalbati. Aka kafa turakun ƙarfe biyu a bakin layin. Babu wanda ya gode wa Gidaɗo. Masu tumatir sun ce shi ya jawo, sun daɗe ba su amsa masa gaisuwa da sakin fuska. Ranar Larabar da ta biyo baya ruwa ya iso masa da ƙarfe sha ɗaya da minti goma, amma kwamin da suka yi sati uku babu ruwa sun riga sun kwantar da ganye. A ƙarshen Maris ya cire buhu goma sha ɗaya, ƙananan kai, inda bara ya cire talatin da takwas.

Lukmanu bai cire manyan ƙafafun ba. Ya ce laifin hanya ne da na wani tsoho, ba nasu ba. Da damina ya koma ɗaukar shinkafa daga gonaki zuwa injinan casa na Kura, kuma a cikin taɓo ƙafafun sun yi masa amfani, yana shiga inda wasu ke tsayawa. A watan Satumba na 2006 ƙarfen ƙafar baya ya karye da kaya a kai, ya gyara, ya sake karyewa bayan sati biyar. Ya sayar da motar ga masu kayan gyara. Tayoyin huɗu suka koma wurin Hananiya, wanda ya yi wa Gidaɗo tayin biyu don amalanke. Gidaɗo ya ce ko kyauta ba ya so.

Shi da Lukmanu sun haɗu sau ɗaya bayan haka, a wata jana'iza a Bunkure, sahu ɗaya, kuma kowa ya fita ta ƙofarsa. Gidaɗo yana nan a gona ta goma sha huɗu, kuma duk rani yana dasa kusurwar nan, ko da yake babu motar da za ta zo. Lukmanu ya kwashe iyalinsa ya koma Kumbotso a farkon 2007. Yana tuƙa tifar yashi ta wani ɗan kasuwa, kuma bai sake mallakar mota ba.